Haƙora Ashirin da Huɗu

Shagon Baba Kunne shi ne na huɗu in ka shigo layin daga babban titi. Faɗinsa bai wuce mutum ya buɗe hannuwa ya taɓa bango da bango ba. A ciki akwai teburin katako da mai ya jiƙa har ya koma baƙi, da benci ɗaya, da kanta uku da aka jera wa tsofaffin gwangwanayen madara. Kowane gwangwani da abin da ke cikinsa: wannan noti, wannan ƙananan kusoshi, wancan faya-fayai masu haƙora da ya ciro daga cikin kekunan da suka mutu. Shekara talatin da huɗu yana gyaran keken ɗinki a wurin, bai taɓa jefar da ko kusa ɗaya ba. Matarsa takan ce ranar da ya bar duniya, gwangwani za a raba wa magada.

Sunan ba iyayensa suka sa masa ba, teloli ne. In aka kawo masa keke ba ya tambayar abin da ya same shi, don a ganinsa tela bai taɓa sanin ciwon kekensa ba, iyakarsa ya ce maka yana tsinka zare. Sai dai ya ce wa mai shi, "Taka." Ya rufe ido, ya karkata kai. Kafin allura ta sauka sau goma ya san inda zai sa hannu.

Ya zo layin yana ɗan shekara ashirin da biyu, da akwatin kayan aikin da kawunsa ya bar masa. A lokacin shagunan teloli goma sha bakwai ne a jere, dama da hagu. Da safe tun daga babban titi yakan san wanda ya buɗe da wanda ya makara, don kowane keke da muryarsa. Na Gajere yana da ɗan tari a ƙarshen kowane layi. Na wasu 'yan'uwa biyu da ke kusurwa kamar ana ruwa a kan kwano. Kuma layin gaba ɗaya a bayan allura yake ci: mai zare, mai maɓalli, mai wasa almakashi, mai guga, mai shayi, da shi kansa. Da wannan aikin ya yi aure, ya yi ɗaki uku, ya kai 'ya'ya huɗu makaranta.

Ba rana ɗaya abin ya tafi ba. Kaya ne suka fara zuwa a ɗinke daga ƙasashen da bai taɓa jin sunansu ba, a naɗe cikin leda, riga sukutum a farashin da ko yadin ba za ka samu ba. Gajere ne ya fara rufewa, ya koma gadi a wani kamfani. 'Yan'uwan kusurwa ɗaya ya kama tuƙi, ɗaya ya tsallaka ƙasar waje. Duk shagon da aka rufe sai a cire ƙofar katakon a sa gilashi, a kafa allo mai wuta a sama. Wannan waya, wancan takalmi, na gaba turare, na gabansa tura kuɗi. Wata shekara ya je wani gari mai nisa duba babban ɗansa, ya sauka daga mota ya tsaya yana waige-waige, don ya ɗauka direba ya dawo da shi gida. Alluna iri ɗaya, launi iri ɗaya, har hoton matar nan mai murmushi da waya a kunne ita ce dai.

Bai taɓa zama ya tsine wa zamani ba, ba shi da lokacin wannan. Ya ga yaran da a da suke yawo da riga ɗaya a yage yanzu suna da uku. Rigar da ke jikinsa ma daga leda ta fito, matarsa ce ta sayo, ya sa abinsa. Autarsa, mace mai shekara ashirin da shida, a babban shagon waya na bakin layin take aiki, kuma albashinta ne ke riƙe da rabin tukunyar gidan. Abin da ke damunsa guda ne, ba ya kuma faɗa wa kowa. Layin ya fi da hayaniya, kowane shago da lasifikarsa, amma shi in ya shigo da safe ji yake kamar ya shiga gidan da aka yi ƙaura.

Maƙwabcinsa na dama Dogo ne, wanda a da yake sayar da maɓalli da zif, yanzu kuma rigar waya yake sayarwa. Kullum sai ya leƙo.

"Kunne, yau ma gwangwani kake gadi?"

"Ina gadi. Kai fa, waya nawa ka yi wa sutura?"

"Goma sha ɗaya. Kuma ba wadda ta dawo ta ce min hannu ya matse ta."

"Ai ka huta."

"Kai ma ka zo ka huta. In ba ka rabin tebur."

"Bari in tsufa tukuna."

Tela ɗaya ta rage a layin, Maman Biyu, shagonta yana kallon nasa. Mijinta ne ya fara riƙe wurin, da ido ya gaza masa ta karɓa. Ɗinkin kirki ya daɗe da daina zuwa. Abin da take ci da shi rage ƙafar wando ne, da matse ƙugu, da mayar da maɓallin da ya faɗi tun ranar da aka sayi riga. Ƙaninta da ke aiki a ƙasar waje ya aiko mata da keken lantarki, fari fat, jikinsa duk roba, wanda ke yin gidan maɓalli da kansa. Ka sa yadi, ka danna, ya zagaye ya tsaya. Baba Kunne ya tsallaka ya ji muryarsa sau ɗaya, ya ce kamar sauro a cikin kwalba, ya dawo.

Wannan keken ne ya jawo mata aikin makaranta. Akwai wata makaranta a bayan layin da shekara shida ke nan daga waje ake kawo kayan ɗalibanta. Na bara sun zo hannuwa sun yi wa yara tsawo, kuma ba wanda za a mayar wa. Sabuwar shugabar makarantar ta ce za ta gwada na gida sau ɗaya: riga ɗari da arba'in, kowace da maɓalli biyar, gidan maɓallin ya fito tsaf irin na kanti, a kawo kafin ranar komawa karatu.

"Baba, wannan ne na ƙarshe," in ji Maman Biyu ranar da aka sauke mata yadin. "In ya yi, na zauna. In bai yi ba, mai turare ya daɗe yana son shagon nan. Na gaji da yankan ƙafar wando."

Ya shiga ya ɗauko kwalbar man keke ya ajiye mata a kan tebur.

Saura kwana tara keken ya cije. Ta gama haɗa rigunan duka, ta yi wa talatin gidan maɓalli, ɗari da goma na jibge a kusurwa. Da hantsi ta tsallako da shi a hammata, kamar ta ɗauko kaza. Wannan kaɗai ya ɓata masa rai. Keken da ya sani sai ƙarti biyu sun kama.

"Ya tsaya cak, Baba. Ko gaba ko baya. Amma ƙanina ya ce kada in bari kowa ya taɓa shi sai kamfani."

"Ni ne kowa?"

"A'a, ba haka nake nufi ba."

"Ajiye."

Keke in ya cije, magani ɗaya ne tun zamanin kawunsa. A ɗiga kananzir, a bar shi ya sha, a kama tayar da ake juyawa da hannu a girgiza gaba da baya, sannan a murɗa da ƙarfi sau ɗaya. Zaren da ya naɗe a ciki shi ke tsinkewa, don ƙarfe ya fi zare ƙarfi. Ya yi haka ya fi sau dubu, hannunsa ya riga kansa sanin aikin. Ya ɗiga, ya jira, ya girgiza, ya murɗa. Bai tsaya ya tuna cewa wannan ba ƙarfe ba ne.

Ƙarar ba ta da girma, kamar an karya tsinken ashana. Tayar ta shiga juyawa sakayau, allura kuma ba ta motsa ba.

"Ya saki?" Fuskar Maman Biyu ta washe.

Ita ba ta ji komai ba. Dogo yana can yana ciniki. Keke ne da ba wanda ya san cikinsa a layin nan, da ya ce dama a karye yake ba mai musa masa, har ita.

"Ya saki. Amma ba zare ne ya tsinke ba. Haƙori ne ya karye a ciki, kuma ni na karya."

Ta zauna a bakin benci. Da ta yi faɗa da ya fi masa sauƙi. Ta daɗe tana kallon shagonta ta cikin ƙofa, sannan ta ce, "Kwana tara, Baba."

"Na sani. Bar min shi."

"Za ka iya?"

"Ban ce zan iya ba. Na ce ki bar min shi."

Auta ta kira lambar da ke jikin kwalin. Wadda ta ɗauka ta yi magana mai daɗi ƙwarai, ta ba da haƙuri har sau uku. Abin da ke cikin maganar kaɗan ne: abin da ya karye sai an aiko daga waje, mako shida in jirgi bai makara ba, kuma su a nan ba sa buɗe keke, sai dai a sayi sabo. Sabon ma babu irinsa a ƙasa.

Ya wuni yana juya keken a kan tebur. Babu kusa ko ɗaya a fili. Ya duba gaba, ya duba baya, ya kifa shi, ya shafa kowane gefe da yatsa. An yi shi kamar ƙwai, ba ta inda za a shiga. Sau biyu ya ɗauki sukudireba zai ɓamɓare, sau biyu ya ajiye. Ɓarna ɗaya ta isa rana ɗaya. Dogo ya leƙo da niyyar tsokana, ya ga fuskarsa, ya koma shagonsa.

Da yamma a gida matarsa ta ajiye masa abinci, ta ga bai taɓa ba.

"Ka faɗa mata kai ne?"

"Na faɗa."

"To ci abincinka, Baban Auta. Sauran aiki ne, aiki kuwa ka saba."

Washegari da rana Auta ta shigo lokacin hutunta, da rigar shagonsu a jiki da waya a hannu.

"Baba, akwai wani mutum da ya nuna yadda ake buɗe irinsa."

"Wane mutum?"

"Ban san shi ba. A wata ƙasa yake, can nesa."

"Shekara talatin da huɗu ina wannan aiki, yau waya ce za ta koya min?"

"Ni dai ban ce ta koya maka ba. Zan je in sha ruwa wurin Baba Dogo."

Ta jingina wayar da gwangwanin noti, ta danna, ta fita. Ya juya mata baya. Wani namiji ne ke magana da wani harshe mai sauri, ko kalma ɗaya bai kama ba, bai kuma yi niyyar kamawa ba. Can sai maganar ta tsaya, aka ji taya tana juyawa sakayau. Muryar kekensa ce sak, har da ɗan ƙaras ɗin da ke zuwa a kowane zagaye, inda haƙorin ya ɓace. Ya waiwayo.

Ba a nuna fuskar mutumin ba, hannuwa ne kawai a kan tebur. Hannuwa masu kauri, baƙin mai a ƙarƙashin farce, babban yatsan hagu da tsohon tabo. Baba Kunne ya jawo benci. Mutumin ya kifa keken, ya sa farce ya ciro ƙafafun robar da yake tsayawa a kansu, sai ga kusoshi huɗu a ɓoye. Ya ɗaga wata takarda da aka manna a baya, ga ta biyar. Ya jera su a kan tsumma daga hagu zuwa dama, yadda ya ciro su. Sannan ya goge bakin sukudirebarsa a cinyar wando.

Baba Kunne ya dubi cinyar nasa wandon, inda baƙin layi ya daɗe da zama, wanda matarsa ta gaji da wankewa.

"Auta."

"Na'am, Baba." Ashe tana bakin ƙofa.

"Mayar da shi farko. Kuma kashe min surutun. Hannunsa nake so."

Sau shida ya kalla a ranar. Da aka kira ta daga shagonsu, ta bar masa wayar ta nuna masa inda zai danna. Kafin la'asar keken ya buɗe gida biyu, ba ko tsaga. A ciki ya ga abin da ya yi: ɗan faifai fari na roba, bai wuce girman maɓallin kwat ba, haƙora uku sun tafi. Zaren da ya jawo rigimar kuwa bai fi tsawon yatsa ba, da ɗan tsinke ma za a iya zaro shi. Ya daɗe yana kallon zaren nan.

A wayar, mutumin ya buɗe wata 'yar leda ya ciro sabon faifai ya sa. Nan hanyarsu ta rabu. Shi yana da leda, Baba Kunne kuwa gwangwani yake da shi.

Ya ƙirga haƙoran har da gurbin waɗanda suka karye, ashirin da huɗu. Ya shimfiɗa buhu a ƙasa ya fara juye gwangwanaye. Dogo ya shigo ya tsuguna ba a kira shi ba.

"Me muke nema?"

"Ashirin da huɗu."

"Wannan fa?"

"Ƙirga."

"Ashirin da biyu. Kunne, biyu kacal, ba za a yi haƙuri ba?"

"Kai in an cire maka biyu za ka yi haƙuri?"

"An cire min huɗu, ga ni ina ci."

Sai da gari ya waye suka ci gaba, a gwangwani na sha tara aka samu. Na tagulla ne, ya yi kore don daɗewa. Baba Kunne ya juya shi a tafin hannu ya gane shi. Daga keken Gajere ya fito, mai tarin nan, wanda Gajere ya kawo masa ranar da ya rufe shago ya ce ya yi yadda ya ga dama da shi. Haƙoran sun yi daidai, faɗin ya kusa. Amma ya yi kauri, ramin tsakiyarsa kuma ya yi kaɗan. Saura kwana bakwai.

Ya matse shi a jikin tebur ya ɗauki magagari. Wannan aiki ba shi da labari. A goga, a hura, a gwada, a sake gogawa. Ido ya yi ruwa, wuya ya ƙage, yatsa ya tsage ya naɗe da tsumma. A ɗaya gefen layin Maman Biyu ba ta zauna jira ba, ta kama ɗinka maɓallai da hannu a kan rigunan da ba su da gida tukuna. Maɓallan da makaranta ta bayar suka gaza da kusan arba'in. Dogo ya shiga ƙuryar shagonsa, ya ɗaga kwalayen rigar waya, ya fito da wani tsohon kwalin maɓallai da ƙura ta rufe.

"Ashe ba ka zubar ba," in ji Baba Kunne.

"Mantawa na yi."

"Haka ne."

Rana ta biyu da yamma faifan ya shiga. Ya juya tayar da hannu, allura ta sauka ta tashi. Dogo ya fara tafi. Baba Kunne ya rufe ido ya sake juyawa, sannan ya ɗauki sukudireba ya fara kwancewa.

"Me kuma? Ai ya yi."

"Yana cin ɗan'uwansa."

Faifan da ke kusa da shi na roba ne, bakin tagullar kuma yana da kaifi. Ido ba zai gani ba, amma kunne ya ji, wani ɗan ƙurus kamar ɓera a bayan kwali. Zai yi riga ashirin, ya cinye na kusa, a koma gidan jiya. Ya nemo magagarinsa mafi ƙanƙanta, ya bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya yana kashe musu kaifi, gefe biyu kowane. Wannan ya ci masa wuni guda cur. Maman Biyu ta tsallako sau ɗaya, ta tsaya a ƙofa, ta ga kansa a sunkuye, ta ajiye masa kofin shayi ta koma. Saura kwana huɗu.

Da safe ya haɗa, ya jona wuta, ya taka. Allura ta karye nan take, guntun ya wuce ta gefen kunnensa. Ya sa wata, ita ma ta karye. Ya aika aka kira Auta.

"Nuna min ƙarshen. Na tsallake wani abu."

Ya tsallake kuwa, don duk kallon da ya yi, yana ganin an sa faifai sai ya tsaya, ya ɗauka sauran ya sani. Mutumin, kafin ya ɗaure kusa ta ƙarshe, ya sauke allura har ƙasa, ya ɗaga ta kaɗan, kaurin tsabar kuɗi, ya nuna da bakin sukudireba wata 'yar alama da aka yi a jikin ƙarfe, wadda sai ta haɗu da wata. Ya nuna sau biyu, a hankali, kamar ya san akwai wani mai taurin kai a wata ƙasa da zai yi gaggawa. Da ya gama ya kunna keken, sai gefen kansa ya shigo hoton, furfura da kunne ɗaya. Ya kara kunnen a jikin roba ya tsaya.

"Tsayar nan," in ji Baba Kunne. Ya daɗe yana kallo. "Wannan a layinmu ya kamata a haife shi."

Ya daidaita alamar, ya ɗaure, ya rufe, ya mayar da kusoshi biyar daga dama zuwa hagu. Ya ɗauki keken a hammata ya tsallaka layin, ya ajiye a teburinta.

"Taka."

Ta sa ƙyalle ta danna. Allura ta zagaye ta tsaya. Gidan maɓalli ya fito tsaf. Ta yi na biyu, ta yi na uku, shi kuwa idonsa a rufe. Muryar ta canja. Sauron yana nan, amma a ƙarƙashinsa akwai wani abu mai nauyi, ɗan tari kaɗan a ƙarshen kowane zagaye.

"Baba, Allah ya saka da alheri. Nawa zan—"

"Ni na karya. Duk riga ashirin ki tsaya ya huce. In ya sake cijewa kada ki bari kowa ya murɗa shi, har ni."

Kwana uku da rabi ta yi gidan maɓalli ɗari biyar da hamsin. Mijinta yana zaune a gefe yana ninke riguna da lalube, matar Baba Kunne ta zo ta kama yanke zare. Ranar da aka ce, da hantsi, aka ɗora kayan a baro aka kai. Shugabar makaranta ta duba riga goma, ta ce aljihun ya ɗan yi ƙasa, ta karɓa. Zango na gaba ta ba ta rabin aikin, rabi kuma aka ci gaba da kawowa a leda. Rabin ya isa. Mai turare ya samu shago a wani wuri.

Layin bai koma yadda yake ba, ba kuma zai koma ba. A watan ma aka rufe shagon mai guga aka sa gilashi. Amma da safe in Baba Kunne ya shigo daga babban titi, a ƙarƙashin lasifiku akwai keke ɗaya da ke aiki, kuma tun daga nesa yakan san ta buɗe. Labari ya zaga cewa akwai tsohon da ke buɗe fararen kekuna, mata suka fara kawo nasu daga unguwanni, a hammata. Ba ya ƙara ɗiga musu kananzir.

Bayan an kai kayan da kwana biyu ya tare Auta a ƙofar gida za ta fita aiki.

"Mutumin nan, ana iya isar masa da saƙo?"

"Ana iyawa. Me zan rubuta? Wayar za ta juya masa zuwa harshensu."

Ya yi tunani. Duk abin da ya zo bakinsa ya ji bai kai ba.

"Kada ki rubuta komai. Ki zo shago ki ɗauki hannuna."

Ya roƙi Maman Biyu aron keken na rabin sa'a, ya buɗe shi a gaban wayar. Ya nuna farin faifan da ya karye, ya nuna gwangwani, ya nuna magagari, ya nuna tagullar a mazauninta tana juyawa. Bai ce komai ba, bai kuma yarda a ɗauki fuskarsa ba. Auta ta tura.

Mako uku shiru, har ya daina tambaya. Ran nan da rana ta shigo tana dariya ta miƙa masa wayar. Hoto ne guda ɗaya, ba rubutu. Hannun nan ne mai tabo a babban yatsa, yana nuna wata kanta a bango. A kan kantar gwangwanaye ne a jere, sun fi talatin, wasu sun yi tsatsa.

Dogo ya leƙo ta kafaɗarsa. "Kunne, ashe ciwon naka har can ya kai."

Baba Kunne ya matso da wayar kusa da ido. "Nasa na kifi ne," ya ce. "Ba su da murfi. Ƙura za ta shiga."

Ya miƙa wa Auta wayarta, ya ce Allah ya yi mata albarka, ta koma aiki kada a neme ta. Sannan ya wanke wani gwangwanin madara da ya zo da shi daga gida, ya goge shi ya bushe, ya jefa farin faifan mai haƙora ashirin da ɗaya a ciki, ya matsar da sauran ya yi masa wuri a kanta ta uku.